Farautar agwagwar ruwa: Yadda ake zaɓen abin kare kunne daga ƙarar bindiga

A kowace shekara, daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu, kimanin mutum miliyan ɗaya ne ke fita farautar agwagwar ruwa a Amurka. Tsuntsayen suna barin sanyin Kanada su gangaro kudu ta manyan hanyoyi huɗu, kuma wadda ta bi Kogin Misisifi ta fi sauran suna. A kanta ne garin Stuttgart na Jihar Arkansas yake, garin gonakin shinkafa da ake gudanar da gasar kwaikwayon kukan agwagwa tun 1936. Doka ta tsara kusan komai na wannan farauta. Sai da takardar izini, da kan sarkin farauta na gwamnatin tarayya wanda aka fara sayarwa a 1934. Ba a harbi sai saura rabin sa'a rana ta fito, ba a ɗura wa bindiga harsashi fiye da uku, kuma tun 1991 aka haramta ƙwayoyin darma a duk faɗin ƙasar saboda gubar da suke zubawa a fadamu. Abu ɗaya da dokar ta bar wa maharbi ya yi wa kansa hukunci shi ne kunnensa, kuma a nan ne aka fi yin sakaci.

Wani bincike da aka yi a garin Beaver Dam na Jihar Wisconsin, aka wallafa a 2000, ya duba maza masu shekara 48 zuwa 92. Kashi 95 cikin 100 na mafarautan da ke cikinsu sun ce ba su taɓa sanya abin kare kunne ba a duk harbin da suka yi cikin shekarar da ta gabata, alhali a cikin masu harbin gwaji a fili kashi 38 ne suka faɗi haka. Binciken ya kuma gano cewa haɗarin rasa jin siraran sautuka yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100 a kan kowace shekara biyar da mutum ya yi yana farauta.

Abin da harbi ɗaya ke yi wa kunne

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da ba ya tafiya irin ta mudu ko kilo. Duk ƙarin desibel uku na nufin ƙarfin sautin ya ninka. Hira tsakanin mutum biyu ba ta cika wuce desibel 60 ba. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce sa'a takwas cikin ƙarar desibel 85. Idan ta kai 88 sai sa'a huɗu, idan ta kai 100 kuwa minti goma sha biyar kacal. Ga ƙara mai zuwa farat ɗaya, irin ta fashewa, iyakar da aka sanya ita ce desibel 140. Bindigar da aka fi farautar agwagwa da ita, mai lamba 12, tana fitar da ƙarar da ta kai tsakanin desibel 150 da 160 a daidai kunnen mai harbi. Tazarar 140 da 160 ƙarama ce a ido, amma a ƙarfin sauti ninki ɗari ne.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin dubu goma sha biyar. Su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su, tana karya wasu, kuma wadda ta mutu ta mutu ke nan, domin jikin ɗan Adam ba ya sake tsirar da ita. Dum ɗin da mutum ke ji bayan harbi, da tsuwwar da ke biyo baya, shaida ce cewa an yi ɓarna. Yawanci jin yakan dawo bayan kwana ɗaya ko biyu, abin da ke sa mafarauci ya ɗauka ya sha. Bai sha ba. Ɓarnar taruwa take yi.

Sashen da ke fara lalacewa shi ne mai karɓar siraran sautuka, wajen hez 4,000 zuwa 6,000. A can ne baƙaƙe irin su "s", "f" da "sh" suke. Shi ya sa wanda abin ya shafa ba ya cewa ya kurumce. Cewa yake mutane sun daina buɗe baki idan suna magana, ko yana jin murya amma kalmomin ba sa fita, musamman a wurin taro ko idan yaro ne ke magana. Iyalinsa kan riga shi ganewa, daga yadda yake ƙure sautin talabijin.

Akwai wata alama da likitocin kunne ke gane maharbi da ita tun bai faɗi sana'arsa ba. Mai harbi da hannun dama ya fi samun rauni a kunnen hagu. Dalili kuwa, idan ya kwantar da kuncinsa na dama a kan gindin bindiga, kansa yakan ɗan juya, sai kunnen hagu ya fuskanci bakin bindigar, na dama kuma ya fake a bayan kai da kafaɗa. Ga bahago, akasin haka ne.

Me ya bambanta farautar agwagwa?

Mai farautar barewa yana iya wuni bai yi harbi ko ɗaya ba. Mai farautar agwagwa kuwa yakan yi harbi goma, ashirin ko fiye a hantsi guda, kuma ba shi kaɗai yake ba. Mutum uku ko huɗu ne ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa cikin wata 'yar maɓoya da aka lulluɓe da ciyawa, ko cikin kwalekwale, ko cikin ramin da aka yi wa bango da ƙarfe ko siminti a tsakiyar gona. Da garken ya sauko, kowa ya miƙe ya saki wuta a lokaci guda. Tsuntsu kuma ba tsaye yake ba, saboda haka bakin bindigar maƙwabci yakan biyo shi har ya zo kusa da kunnen na gefensa. Sau da yawa ba bindigar mutum ce ke kurumtar da shi ba, ta abokinsa ce. Bangon ƙarfe da fuskar ruwa suna dawo da amon, wasu kuma suna amfani da bindigogi masu huji-huji a baki don rage naushin kafaɗa, waɗanda ke watso ƙarar gefe da baya.

To amma wannan farauta da kunne ake yin ta, kuma a nan matsalar take. Da duku-duku, kafin ido ya ga komai, fitar iskar fikafikai ce ke sanar da mafarauci cewa tsuntsaye na tafe, da ta inda suke tafe. Yana busa wata 'yar mabusa da ke kwaikwayon kukan agwagwa, dole ya ji abin da yake busawa. Dole ya ji umarnin jagora na a tashi a harba, ya kuma ji gargaɗi idan kare ko mutum ya shiga gaban bindiga. Wanda ya toshe kunnensa ƙam ya tsira daga haɗari ɗaya ya kusanci wani. Saboda haka tambayar ba ta tsaya ga wane ne ya fi toshe ƙara ba. Ana neman wanda zai toshe harbi, ya bar sauran sautuka su wuce, ya jure ruwa da sanyi, kuma mutum ya iya barinsa a kunne tun asuba har hantsi.

Lambar da ke jikin kwali

Duk abin kare kunne da ake sayarwa a Amurka yana ɗauke da wata lamba mai suna NRR, bisa ƙa'idar hukumar kare muhalli ta ƙasar. A Turai lambar SNR ake gani, tare da alamar CE da ƙa'idar EN 352, kuma ga kaya iri ɗaya lambar Turai takan ɗan ɗara ta Amurka, don haka ba a gwama su kai tsaye. NRR mafi girma da aka saba gani ita ce 33.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗebe wannan lamba daga ƙarar bindiga a ce an gama lissafi. A ɗakin gwaji aka samo ta, inda ƙwararre ya tabbatar an sanya abin daidai. A wuraren aiki, hanyar da masu duba masana'antu a Amurka suka saba bi ita ce a cire bakwai daga lambar, a raba saura biyu. Da wannan lissafi, 33 ta koma 13. An tsara shi ne domin ƙara mai ɗorewa irin ta injin masana'anta, kuma gwaje-gwajen da aka yi da ƙarar harbi sun nuna cewa abin da aka sanya da kyau yakan rage fiye da haka sosai. Duk da haka darasin lissafin yana nan: yadda abin ya zauna a kunne ya fi lambar da ke kwali muhimmanci. Mai lamba 25 da ya liƙe tsaf ya fi mai lamba 33 da ke reto a bakin kunne.

Matoshin soso da 'yan'uwansa

Mafi arha, kuma abin mamaki mafi ƙarfin toshewa, shi ne ɗan matoshin soso mai launin ruwan ɗorawa ko lemo, wanda wani masanin sinadarai Ba'amurke, Ross Gardner, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Lambarsa takan kai 29 zuwa 33, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Sai dai mafi yawan masu amfani da shi ba su iya sanya shi ba. Ana murza shi ne tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a tura shi ciki, a riƙe na daƙiƙa ashirin zuwa talatin har ya kumbura ya cika wurin. Idan mai kallo daga gaba yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba. Aibinsa ga mafarauci a fili yake: yana toshe komai, har da fikafikai da muryar aboki. Ga kuma wahalar murza shi da yatsun da sanyi ya ƙandare, ko suka ɓaci da taɓo. Abin da ke faruwa a ƙarshe shi ne a cire shi "kafin tsuntsaye su zo", su kuma ba sa sallama.

Akwai matoshin roba mai ɗan matacin sauti a ciki, wanda ba ya aiki da batir. Ƙaramar ƙofa ce da ke barin sauti mai sauƙi ya wuce, amma ta tare iska mai ƙarfi irin ta harbi. Ba ya tsoron ruwa, ba ya tsada, kuma ga wanda ke harbi jifa-jifa a fili ya wadatar. Ga wanda ke cikin ramin ƙarfe da bindigogi huɗu, kariyarsa ba ta kai ta soso ba. Wannan nau'i yana da tarihin da ya kamata mai saye ya sani. Sojojin Amurka sun yi amfani da wani irinsa mai baki biyu, Combat Arms, daga 2003 zuwa 2015. Daga baya tsofaffin sojoji sama da dubu ɗari biyu suka kai ƙara, suna cewa yakan sassauta a kunne ba tare da mai shi ya sani ba. A 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya kimanin dala biliyan shida don a rufe shari'o'in, ba tare da ya amsa laifi ba. Ba dabarar matacin aka yi ƙara a kai ba, zaman abin a cikin kunne ne.

Na'urori masu batir

Marufin kunne mai batir, wanda ke kife kunnuwa biyu kamar ƙoƙo, shi ne mafi yawan mafarauta ke farawa da shi. Yana da makirufo a waje da ƙaramar lasifika a ciki. Sautin da ba shi da ƙarfi yana ɗauko shi, har ya ƙara masa ƙarfi, amma ba ya barin abin da ke fita daga lasifikar ya wuce kimanin desibel 82. Ya kamata a fahimci cewa ba lantarkin ne ke tare harbin ba, ƙoƙon ne da katifarsa. Ko batir ya mutu kariyar tana nan, jin magana ne kawai zai tafi. Samfura irin su Howard Leight Impact Sport da Walker's Razor lambarsu 22 ce ko 23, ƙasa da ta soso nesa ba kusa ba, saboda an sirantar da ƙoƙon don kada ya tokari bindiga.

Ko da hakan yakan tokara. A daidai lokacin da maharbi ya kai kunci kan gindin bindiga, gefen ƙoƙon na iya ɗagawa, iska ta samu hanya, kuma a wannan daƙiƙar ce ake harbin. Hannun tabarau mai kauri, hular sanyi da gashi mai yawa duk suna buɗe irin wannan kafa. Katifa mai ruwan jel ta fi ta roba bin siffar fuska, kuma kowace iri tana buƙatar canji idan ta taurare ko ta tsage. Hanyar gwaji ɗaya ce: a sanya marufin tare da hula da tabaran da za a fita da su, a ɗaga bindigar da babu harsashi a kai ta kafaɗa sau da yawa, a ji ko ƙoƙon na motsi. A lokacin sanyi yana da wata fa'ida ta daban, yana ɗumama kunne.

Na'urar da ke shiga cikin kunne, mai batir, ta kauce wa matsalar gindin bindiga gaba ɗaya, kuma da yake makirufonta na zaune a bakin ramin kunne, ta fi marufi taimaka wa mutum ya gane ta inda sauti ke zuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke son sanin ko garken ta baya yake tafe. Mafi tsada a cikinsu su ne waɗanda masanin ji ke zuba wa mutum wani irin danƙo a kunne ya ɗauki siffarsa, a ƙera masa nasa shi kaɗai. Farashinsu yakan haura dala dubu. Suna da daɗin sanyawa na tsawon sa'o'i, amma siffar kunne tana sauyawa da shekaru ko da rama da ƙiba, don haka ba sayen har abada ba ne. Ƙanana ne kuma, idan ɗaya ya faɗa fadama sai haƙuri, shi ya sa masu igiya suka fi dacewa.

Ga duk mai batir, abu uku ne ke raba mai kyau da na banza a fadama. Na farko jure ruwa: alamar IPX4 tana nufin yayyafi da fantsama kawai, IP67 kuwa tana nufin zai jure nutsewa na ɗan lokaci. Na biyu yadda yake yi da iska, domin makirufo mai arha yakan mayar da iskar hunturu wata irin guguwa a kunne har mai shi ya kashe na'urar. Na uku yadda yake dawowa bayan harbi. Wasu na ɗauke sauti ɗif na ɗan lokaci, wasu kuma rage shi kawai suke su dawo nan take, kuma na biyun ne ke barin a ji maganar aboki tsakanin harbi da harbi. Mai busa mabusar agwagwa yana da nasa ƙorafin: duk abin da ya toshe kunne yakan sa mutum ya ji sautin da ke fita daga bakinsa ya yi kauri, kamar daga cikin tulu. Maganinsa a riƙa yin atisayen busa da abin a kunne tun kafin lokacin farauta. Toshe kunne ɗaya a bar ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, rabin dabara ce, tunda ba a san ta wane gefe maƙwabci zai juyo ba.

Inda ƙarar ta fi tsanani, kamar cikin rami ko wajen gwajin harbi, masana na ba da shawarar a haɗa biyu: soso a ciki, marufi mai batir a sama, a ƙara masa sauti. Ba a tara lambobinsu. Abin da ake ƙarawa a kan mafi girman lambar kimanin desibel biyar ne, domin daga wani mataki sauti ta ƙashin kai yake bi ya isa cikin kunne. Wannan haɗi ne ya fi dacewa da yara, da kuma wanda jinsa ya riga ya fara raguwa.

Abubuwan da ba kariya ba ne

Auduga ko tsumma a kunne 'yan desibel kaɗan suke ragewa. Na'urar sauraren waya mai kashe hayaniya an yi ta ne domin ƙara mai ɗorewa irin ta injin jirgi. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa tsarin kare ji na AirPods bai dace da ƙarar bindiga ba. Na'urar taimaka wa ji ta masu larurar kunne ita ma ba garkuwa ba ce. Sannan kasuwa cike take da jabu. Ɗan kasuwar da ke shigo da irin waɗannan kaya ya kamata ya duba sunan kamfani, lambar NRR ko SNR, da jadawalin gwajin da ke nuna ragin da ake samu a kowane matakin sauti. Kwalin da bai da waɗannan, ko ya yi alƙawarin lamba 40, ba abin amincewa ba ne. Araha ba ta ado.

Agwagin da ke ƙaura ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Daga Turai da Asiya wasu nau'o'insu ke tsallako Sahara su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, inda suke cuɗanya da kirinjijiya da ɗinya. Yankin Dagona na can yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, kuma farauta haramun ce a cikinsa. Amma ƙarar albarushi ba ta bambanta fadamar Arkansas da filin hawan sallah. 'Yan bindigar sarki da ke jeruwa suna sakin bindigar toka a kusa da juna, da mafarautan daji, da 'yan sintiri, kunnuwansu na fuskantar irin wannan bugu, su ma mafi yawansu ba tare da komai a kunne ba.

Wanda ya ji tsuwwa ko toshewar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu bayan harbi, ko jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko ya ga jini ko ruwa na fita, ya ga likitan kunne ba tare da jinkiri ba, domin maganin da ake bayarwa a irin wannan hali a kwanakin farko ya fi aiki. Kada a ɗiga mai ko wani ruwa a ciki, don ta yiwu dodon kunnen ya huje. Ga mai yawan harbi kuwa, gwajin ji sau ɗaya a shekara yana nuna raguwar tun kafin mai ita ya lura. Ana yin sa a sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma ba ya wuce rabin sa'a.